Yadda Ake Haɗa Maganin Ƙarfin Maza da na Haihuwa Daga Tsirrai, Mataki-Mataki

Tun da muka taɓo maganar aya da dabino wajen ƙarfin maza a wani rubutu na baya, tambayoyi ba su yanke ba. Wani yana son sanin gagai nawa ake zubawa a kofi, wani ya ce shekara huɗu ke nan da aure shiru, wane icce zai nema, wani kuma hoton kwalba ya aiko yana tambaya ko tana da kyau. Amsa ɗaya ba za ta ishi kowa ba, shi ya sa na jero aikin daga farko har ƙarshe. A bi shi yadda aka jera, domin mafi yawan masu asarar kuɗi da lafiya a wannan harka daga mataki na huɗu suke farawa.

1. Rarrabe abin da ke damunka

Abubuwa huɗu ne jama'a ke cusawa a buhu ɗaya suna kiransu "rauni": rashin sha'awa, rashin miƙewar gaba ko kwanciyarta a tsakiyar hanya, saurin kawowa, da rashin haihuwa. Kowanne da nasa dalilin. Namiji yana iya zama zakara a shimfiɗa amma babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa, wani kuma yana fama da rauni ga 'ya'ya cike da tsakar gida. Kauri ko tsinkewar maniyyi ma ba ya nuna yawan ƙwayoyin da ke ciki, da madubin likita kawai ake gani.

Ka tambayi kanka: da asuba gabana yana miƙewa kamar da? Idan yana miƙewa amma sai a wajen iyali yake kwanciya, galibi matsalar tana wajen damuwa, gajiya, fargaba ko saɓanin da ke tsakaninku. Idan kuwa a hankali abin ya riƙa raguwa har na asuba ya ɗauke, a duba jijiyoyin jini. Batun haihuwa kuma, ana kiransa jinkiri ne bayan wata 12 ana kwanciyar aure ba tare da tsarin iyali ba, ko wata 6 idan matar ta haura shekara 35. A kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai hannun namiji a matsalar, ko da ya taɓa haihuwa a baya.

2. Yi gwaji kafin ka sayi ko da kanumfari ɗaya

Abu uku za ka auna. Hawan jini, a kowane kemis ko asibitin sha-ka-tafi: idan yana kaiwa 140/90 a awo fiye da ɗaya, akwai magana. Suga, da safe kafin ka ci komai: 126 zuwa sama, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, alamar ciwon suga ce. Waɗannan biyun su ne kan gaba wajen kashe ƙarfin magidanci, kuma su ne mafi arha a gwaje-gwajen.

Na uku gwajin maniyyi ne ga mai neman haihuwa. A takardar likita za ka ga an rubuta SFA. Ana yi a ɗakunan gwaji masu zaman kansu, amma ya fi sauƙin kuɗi a asibitin gwamnati, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ga ƙa'idarsa:

- Ka ƙaurace wa kwanciya kwana 2 zuwa 7, kada ya gaza, kada ya wuce.
- A robar da suka ba ka kawai za ka zuba, kuma duka, musamman farkon fitowa, nan ƙwayoyin suka fi yawa. Za ka iya yi da taimakon iyalinka.
- Idan a gida ka tara, sa robar a aljihun da ke jikinka don kada ta yi sanyi, ka isar da ita kafin awa ɗaya.

Gargaɗi: kada ka tara a kwaroron roba na kemis, sinadarin jikinsa yana kashe ƙwayoyin. Kada kuma ka je gwaji jim kaɗan bayan zazzaɓi mai zafi, sakamakon zai faɗi ƙasa ya tsorata ka a banza.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙaramin mizani a mililita 1.4 na yawan ruwan, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin ɗari masu motsi, kashi 4 cikin ɗari masu kyakkyawar siffa. Ajiye takardar nan da kyau, da ita za ka gane ko abin da ka sha ya yi aiki. Idan aka ce babu ƙwaya ko ɗaya, a maimaita gwajin. Idan ya sake fitowa haka, sauran matakan nan ba naka ba ne, likitan mafitsara za ka nema. Toshewar hanya, wadda tsohon ciwon sanyi kan haddasa, babu saiwar da ke buɗe ta.

3. Cire abin da ke ɓata aikin

Sigari, shisha, wiwi, giya, kodin da tiramol duk suna rage ƙarfi ko ingancin maniyyi. Tiramol ɗin da samari ke sha don jinkirta kawowa shi ya fi ban takaici: yana kama jiki, yana iya sa farfaɗiya, kuma a ƙarshe yana kashe sha'awar da aka sha shi dominta. Allurar sinadarin maza ta testosterone da wasu kemis ke yi wa mutane tana dakatar da ƙera maniyyi, don haka mai neman haihuwa ya nisance ta.

Akwai kuma tsirran da ke aiki akasin abin da kake nema. Dogon yaro da 'ya'yan gwanda an yi ta gwada su a kan dabbobi a matsayin maganin hana maza haihuwa. Angurya tana da sinadarin gossypol, wanda aka gwada a kan maza a ƙasar Sin don wannan manufa. Sai ka ga mutum yana kurɓar jiƙon dogon yaro kullum wai don taifot, da daddare kuma yana shan haɗin neman haihuwa.

Zafi ma abokin gaba ne ga 'yan maraina. Direban doguwar tafiya, mai gidan burodi, maƙeri da mai ɗora kwamfuta a cinya su riƙa miƙewa suna shan iska, su bar matsattsen ɗan kamfai.

Gargaɗi: wasu magungunan hawan jini suna kawo rauni. Kada ka daina sha da kanka. Ka gaya wa likita ba tare da kunya ba, akwai waɗanda za a canja maka.

4. Sayen kaya

Ka sayi kowane abu daban, a ainihin siffarsa: citta guda-guda, kanumfari da kansa, hulba tsabarta, aya busasshiya. Garin da aka riga aka haɗa aka ƙulla a leda ba ka san abin da ke ciki ba, mai sayarwa ma sau da yawa sara ya yi. A Kasuwar Kurmi ko ta Rimi a Kano, da wajen 'yan koli na kowace babbar kasuwa, za ka samu duk abin da na lissafa.

Duba da ido, shinshina da hanci. Duk abin da ya yi fumfuna, ko yake warin ruma, ko ƙwari suka huda, bar shi komai arharsa, gubar fumfuna hanta take ci kuma tafasawa ba ta kashe ta. Kanumfari mai kyau idan ka danna shi da farce za ka ga alamar mai.

Kayan aikin ba su da yawa: tukunyar ƙasa ko ta silba mai murfi, turmi ko injin markaɗe, rariya mai laushi, farin ƙyalle na tata, kwalaben gilashi masu murfi, cokalin shayi guda ɗaya da za ka ware, da sirinji mai mililita 5 ba allura don auna mai. Idan da hali ka ƙara da ɗan ƙaramin sikelin kicin.

Wajen kuɗi, citta, kanumfari da hulba na wata guda ba za su taɓa aljihu sosai ba. Aya da dabino ne ake saye akai-akai. Zuma da man habbatus sauda su suka fi tsada, kuma su aka fi yi wa algus, don haka nan ne za ka kashe kuɗi a wajen wanda ka yarda da shi. Ka sayi na mako biyu tukuna, jikinka na iya ƙin abu.

5. Wankewa, shanya da daka

Tsince tsakuwa da datti, ɗauraye da ruwa mai tsabta sau biyu. Baza a faifai ko tire a inuwa mai iska, ka rufe da ƙyalle mara kauri saboda ƙura da ƙuda. Ganye irin zogale ba a shanya shi a rana, yana ƙonewa ya rasa amfaninsa. Citta ɗanya a yayyanka ta siri-siri. Ba a dakawa sai abu ya bushe ƙayau, yana karyewa da ƙara. Daka kowanne daban, tankaɗe, zuba a kwalbarsa, rubuta suna da rana a jiki. Gari yana saurin sallacewa, don haka na wata ɗaya kawai za ka daka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kai kayan injin niƙan unguwa da aka gama niƙa barkono ko dusa, da kuma ajiye gari a leda a bayan gida ko kusa da murhu inda yake jan danshi.

6. Haɗawa

Waɗannan huɗun na zaɓa saboda dukkansu abinci ne ko kayan ƙamshin da muka saba da su. Ka fara da ɗaya, ka ba shi mako guda kafin ka ƙara wani. Idan ka haɗa su duka rana ɗaya cikinka ya ɓaci, ba za ka san mai laifin ba.

*Kunun aya da dabino.* Aya gwangwanin madara 2, a jiƙa ta kwana, a canja ruwan sau ɗaya. Dabino 10 a cire ƙwallon a jiƙa daban. Rabin kwakwa, ɗanyar citta kamar gaɓar yatsa, kanumfari 4. A markaɗa da ruwa kamar lita ɗaya da rabi, a tace da ƙyalle. Kofi ɗaya ko biyu a rana ya isa. Ba a sa suga, dabinon ya wadatar. Wannan abin gina jiki ne, ya fi amfanar wanda aiki da ƙarancin abinci mai kyau suka tsotse, ba abin da za a sha yanzu a ga aiki anjima ba.

Gargaɗi: kunun aya ba ya jimiri. Idan babu firji a shanye shi cikin 'yan awanni, da firji ma kada ya wuce kwana biyu. Mai ciwon suga ya cire dabinon, kada kuma ya sa zuma.

*Shayin citta da kanumfari.* Garin citta rabin cokalin shayi, kanumfari 3, ɗan guntun kirfa, ruwa kofi ɗaya da rabi. A rufe tukunya, domin amfanin kanumfari a mansa yake kuma tururi yana tafiya da shi. A tafasa minti 10 a wuta kaɗan, a tace. Sau ɗaya a rana, bayan abinci. Citta kada ta haura giram 4 a yini idan aka haɗa har da ta abinci. Kanumfari kuma ba a cika shi. A wani bincike a kan ɓeraye a Indiya, kaɗan ɗinsa ya ƙara sinadarin maza, da aka ƙara yawansa sai ya koma yana lalata aikin 'yan maraina. Masu cika kwalba da kanumfari su jiƙa kwana uku su lura.

Gargaɗi: mai olsa, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, da wanda za a yi wa tiyata, su tambayi likita tukuna.

*Jiƙon hulba.* Tsaba cokalin shayi ɗaya a kofin ruwa, ta kwana, a sha ruwan da safe. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kan maza da tataccen sinadarinta aka ga ƙaruwar sha'awa. Amma a ra'ayina wannan na mai raunin sha'awa ne, ba na mai neman haihuwa ba, saboda a dabbobin da aka ɗura wa hulba da yawa maniyyi raguwa ya yi. Tana sauke suga, tana sa gumi da fitsari wani irin wari. Wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini ya ƙyale ta.

*Man habbatus sauda.* Ga mai ƙarancin ƙwayoyi ko raunin motsinsu, wannan ne ya fi madogara. A 2014 an wallafa wani gwaji daga Iran a kan maza 68 masu matsalar maniyyi. Rabinsu sun sha mililita 2.5 na man safe da yamma tsawon wata 2, aka ga yawan ƙwayoyin da motsinsu da siffarsu sun fi na waɗanda ba a ba su ba. Gwajin ƙarami ne, amma a kan mutane aka yi, abin da mafi yawan itatuwan da ake tallatawa ba su da shi. Auna da sirinji, rabin cokalin shayi ke nan, a sha bayan abinci. Yana ɗan sauke jini da suga, don haka mai shan magungunansu ya riƙa awo.

A gefe guda ka yawaita zogale, riɗi, 'ya'yan kabewa, wake, ƙwai, kifi da kankana. Farin ɓangaren kankana da ke kusa da ɓawo, wanda muke zubarwa, yana da sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen buɗe jijiyoyin jini. Tasirinsa kaɗan ne, amma ba shi da illa.

7. Gagai, burantashi da sauran masu ƙarfi

Nan ne tambaya ta fi yawa, nan ne kuma ba zan ba da ma'auni ba. Baƙin gagai ya yi suna har Turawa suna sayar da shi a kafso da sunan Fadogia agrestis. Tushen wannan suna binciken da aka yi a Jami'ar Ilorin a 2005, inda jiƙon karansa ya ɗaga sinadarin maza da sha'awa a ɓeraye. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne masu binciken nan sun ci gaba da aikin, suka ga alamun illa a 'yan maraina da hanta da ƙoda bayan an yi makonni ana ba ɓerayen. Wato mai neman haihuwa da ya dage da gagai yana iya taɓa ainihin wurin da yake son gyarawa.

Burantashi, wanda wasu ke barbaɗawa a tsire, daga ɓawon itacen yohimbe ake yinsa, irin wanda ke fitowa a dazukan Kamaru da kudancin Najeriya. Sinadarinsa yana aiki da gaske, kafin zuwan Viagra har likitoci suna rubuta shi. Sai dai yana ɗaga hawan jini, yana sa bugun zuciya, karkarwa da fargaba, kuma ƙarfinsa a ɓawo ɗaya ba ya zama daidai da na wani. Mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko taɓin hankali kada ya kusance shi. Saiwar sanya, wadda ake kira uwar magunguna, tana da guba idan ta yi yawa. Tsidau kuma, duk da cika kantunan 'yan motsa jiki da ya yi, gwaje-gwaje a kan maza ba su nuna yana ƙara sinadarin maza ba.

Idan ka ce lallai sai ka je wajen mai magani, je wajen wanda yake da mazauni sananne, ba mai lasifika a bayan mota da gobe yana wani gari ba. Ka tambaye shi sunan kowane icce, ka ga sassaƙen ko saiwar da idonka kafin a daka, ka gaya masa cututtukanka da magungunan da kake sha. Duk wanda ya ce maka maganinsa sirri ne, ko ya ce abu ɗaya yana maganin basir da sanyi da suga da rashin haihuwa, ka yi masa sallama. Kuma basir ba ya rage maniyyi, don haka wankin cikin da ake ɗora wa mutane da sunan share fage, gudawa kawai yake jawowa ya ƙara musu kasala.

8. Na kwalba, na leda da zumar maza

Duba lambar NAFDAC, sunan kamfani da adireshinsa, jerin abin da ke ciki, da ranar lalacewa. Lambar magungunan gargajiya takan ƙare da harafin L. Ma'anarta an duba cewa ba ya cutarwa a gwajin farko, ba shaida ba ce cewa yana warkarwa. Ana kuma buga lambar bogi, don haka ka bincika ta a shafin Greenbook na hukumar.

Babbar matsalar ita ce algus da maganin bature. An sha kama zuma, kofi, alewa da ruwan kwalba da aka zuba wa sildenafil ko tadalafil, wato magungunan ƙarfin maza na asibiti irin su Viagra, a ɓoye. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanonin zumar maza a kan haka. Alamarsa: aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ciwon kai, toshewar hanci, zafin fuska, ganin shuɗi-shuɗi, ko ciwon baya da aikin da ya zarce yini guda. Ba laifin maganin ba ne, likita ma yana rubuta shi. Laifin shi ne ba ka san nawa ka sha ba.

Gargaɗi: mai shan maganin ciwon ƙirji irin isosorbide ko nitroglycerin, idan ya haɗa da waɗannan jininsa na iya faɗuwa warwas har ya rasa ransa. Mai sikila kuma yana cikin haɗarin miƙewar da ba ta sauka.

9. Bibiya da sake gwaji

Ware ɗan littafi. Rubuta ranar da ka fara, abin da kake sha, adadinsa, da duk sauyin da ka ji. Ka haɗa da tafiyar ƙafa mai sauri ta minti 30 a mafi yawan kwanakin mako, da barci isasshe, da rage tumbi. Ga raunin da ya samo asali daga jijiyoyin jini, waɗannan sun fi duk abin da ke mataki na shida hujja.

Mai matsalar ƙarfi ya ba abin mako 6 zuwa 8. Idan babu sauyi, ya koma asibiti, domin raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Mai neman haihuwa kuma sai ya yi haƙurin manomi: jiki yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya ƙera sabuwar ƙwaya, don haka bayan wata 3 ake maimaita gwaji, a ɗakin gwajin da aka yi na farko, da irin kwanakin ƙauracewar. A tsakanin nan kwanciya duk bayan kwana 2 ko 3 ta fi tara maniyyi na makonni, kuma uwargida ita ma a duba ta a lokaci guda, kada a jira sai an gama da kai.

Ka dakatar da komai ka tafi asibiti a ranar idan ka ga idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu ko ya ragu, ƙafa ko fuska ta kumbura, ƙirji yana ciwo, ko zuciya tana dukan uku-uku. Miƙewar da ta kai awa 4 ba ta sauka ba kuwa, ko tsakar dare ne, sashen gaggawa za a nufa, jinkiri yana iya kashe gaban gaba ɗaya. Ka tafi da kwalbar ko ledar abin da ka sha.

Idan gwaji na biyu bai motsa ba, ka nemi a duba maka 'yan maraina da hannu da kuma hoto. Kumburin jijiyoyinsu, wanda ya fi faruwa a ɓangaren hagu, yana cikin manyan dalilan ƙarancin maniyyi, kuma ƙaramar tiyata ake yi masa. A Kano akwai cibiyar mafitsara ta Abubakar Imam, sauran jihohi kuma a tambayi sashen mafitsara na asibitin koyarwa ko na ƙwararru mafi kusa. Ka riƙe takardun gwajin biyu da littafin nan naka idan za ka je.